Shanun Abdulgafar Ba Su Jin Hausarmu

Ruwan Godiya

Zuwa ga taubashiyata Suwaibatu, sarauniyar allura ta Kankara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Adnan da yara. Mu nan lafiya lau muke. Baba Alhaji dai ƙafar nan tasa ce ke tashi lokaci-lokaci, amma baki na nan da ƙarfinsa, ni ne shaida. Inna tana gaishe ki, ta ce maganin da kika aiko ya yi mata.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Sabis ya ɗauke mana tun kafin azumi. In kana son waya sai ka hau dutse ka ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho. Shi ya sa na ba Gide direba wannan. Da ajami na rubuta, don ni allo na sani. In ya gagare ki, ke kika zaɓi boko, ba ni na aike ki ba.

Ƙara na kawo. Kin san tun da Kawu Lawwali ya rasu a Shagamu, Baba Alhaji bai da zance sai a kawo mashi jikansa. To an kawo mashi. Abdulgafar, ga tsawo ga faɗin kafaɗa, fuskar Kawu sak, amma bakin na dangin uwarsa ne, Yarbanci zalla. Ran da ya iso, Baba Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai Harisu, tunda bakinka bai san hutu ba, ga aiki. Ka koya mashi Hausa." Ya kuma miƙa wa Abdulgafar bijimai biyu da aka sayo daga Sabuwa, ya ce ya horar da su huɗa, wai aikin shanu bai buƙatar surutu.

Yaya, watanni ke nan ina fama. Ba wai bai koyo ba ne. Da bai koyo da na huta. Yana koyo, amma ba abin da nake koya mashi ba. Da farko kowa namiji ne a wurinsa: "Inna ya dafa tuwo." Na zamna na gyara. Sai kowa ya koma mace, har liman: "Malam ta ja salla." Na kusa nutsewa cikin ƙasa. Na sake gyarawa. Yanzu ya yanke wa kansa hukunci, duk wanda yake ganin girmansa jam'i ne. Baba Alhaji sun ce, Inna sun fita, har sa guda ɗaya sun ci dusa. Ni kaɗai ne "ya" a gidan nan.

Kuma in bai san sunan abu ba, bai tambaya. Ƙerawa yake. Garma ita ce cokalin ƙasa. Karkiyar da ake ɗora wa shanu, sandar wuya. Hadari in ya haɗo, wai sama sun ɓata rai. In na ce mashi "karkiya", sai ya ce "karkiya" tsaf, ya fi ni iya faɗi, ya gyaɗa kai. Mu je gona, "Harisu, kawo sandar wuya." Wallahi gani nake da gangan yake yi.

Ki zo ki ji shi da shanun nan. Ya sa masu suna Dudu da Fufa, wai baƙi da ja ke nan a yaren uwarsa. Tun safe yana bayansu yana zuba wata magana da ba Hausa ba, ba Yarbanci ba, su kuma suna kaɗa kunne kamar masu sauraron tafsiri.

Ga abin da ya fi ƙona mani rai. Kin san ni da kwaikwayo, teburin Jabiru mai shayi bai cika sai na iso. To sai in ɓata lokaci ina haddace maganar Abdulgafar kamar sura, in kai ta teburi, a yi dariya. Kafin a ce in maimaita, ya sake sabuwa. Sai wani ya ce, "Ai yanzu ba haka yake cewa ba, Harisu, an bar ka a baya." Mutum ya tsaya wuri ɗaya mana a kama shi!

Ke da kike aiki da baƙi a asibiti, ki faɗa mani ko akwai allurar wannan. A gaida Malam, ki ce mashi har yanzu ina tausaya mashi.

Naki,
Harisu

Kankara

Harisu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da jin kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. Ka gaishe mani da Baba Alhaji da Innarka, Gwaggo Adama. Ajaminka kuwa sai da na yi gumi, kamar kaji ne suka yi tono a kan takardar.

Ba allura zan aiko maka ba, tambaya zan yi. Me ka yi wa Abdulgafar a taron sunan ɗiyar Fatsuma maƙwabciyarku? Takardarka ba ta daɗe da zuwa ba sai ga shi da jakarsa. Ya yi sallama, ya durƙusa, na ba shi ruwa. Sai da Malam ya zauna ya lallaɓa shi, sannan muka haɗa labarin. Ya ce ka sa hularsa, ka shiga tsakiyar taro, ka kwanta rub da ciki yadda ya gaida Baba Alhaji ran da ya iso, ka ce, "Baba na ya mutu, ni na zo." Mata suna dariya har da riƙe ciki. Harisu, kalmomin nan a mota ya haddace su, tun daga Shagamu yake maimaitawa. Su kaɗai ya mallaka da zai shiga gidan ubansa da su. Su ka ɗauka ka yi wasan biki.

Na ce mashi kai taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, tsakaninku wasa ne, haka muka taso muka tarar. Ya ce a wurin dangin uwarsa ma ana wasa, amma ba a yi da wanda ba zai iya ramawa ba.

Batun Hausarsa da kake kuka, ni ban ga abin kuka ba. Muna da wata ma'aikaciya a nan 'yar Binuwai. Da ta zo haka take, yau wata magana gobe wata, ba wanda ya zaunar da ita ya gyara. Yanzu tsofaffi ita suke nema, kuma har yau da sauran nata salon da ba ta bari ba. Mutum yana ginin ɗaki da abin da ya samu, ya rushe nan ya ɗaga can, kai kana tsaye kana yi wa katanga dariya.

Yanzu ya ce ba zai koma Ruwan Godiya ba sai bakinsa ya wanku tas, yadda ba mai samun abin kwaikwaya. Ya manne wa rediyon Malam. Kowace kalma sai ya juya ta a baki kafin ya fitar, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ina kwana ma sai ya yi tunani. Ni wannan ya fi ba ni tsoro.

Ka rubuto mashi magana mai daɗi. Ka iya, in ka ga dama.

Yayarka ko ka ƙi ko ka so,
Suwaibatu

Ruwan Godiya

Zuwa ga alƙaliyar Kankara.

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya haƙorin 'yar ƙarama? Allah ya fito da shi lafiya, ya sa kar ya yi kaifin na uwarta. Nan kowa lafiya.

Na ga hukunci, an yanke ba a ji ta bakina ba. A sunan nan wa na bari? Na yi Baba Alhaji da tarinsa, na yi liman, na yi ke kanki yadda kike murguɗa baki in za ki tsira wa mutum allura. Ba wanda ya ɗauki jaka. In na tsallake Abdulgafar ai na ce shi baƙo ne ke nan. Ni ɗan gida na ɗauke shi, shi ya sa na taɓa shi. Maganar Kawu kuwa ban kalle ta ta wannan fuskar ba. Abin da ya fara faɗi ne kawai, kuma shi kowa ya riƙe.

Baba Alhaji ya tambaye ni ina yake, na ce ya je wurin likita a gyara mashi harshe. Bai yi dariya ba. Tsufa na rage wa mutum jin daɗin magana.

To tunda Hausar rediyo yake so, ki riƙe shi. Mun huta. Gida ya yi shiru, kunnuwana sun warke, tuwo ma yanzu yana isa. In ya gama wankin bakin ki shanya shi ya bushe. In kuma ya ƙi wankuwa ki sa shi a motar Shagamu, ni zan zo in ɗaukar mashi jaka. Ki faɗa mashi Dudu da Fufa ma sun ce ba su yi kewarsa ba.

Ga magana mai daɗin da kika ce. Wadda ta fi wannan ba ni da ita.

Harisu

Ruwan Godiya

Yaya Suwaiba,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Gide ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Ko takardata ba ta iso ba ne? Mu nan lafiyar jiki akwai. Ta rai ce babu.

Ruwa ya sauka, Yaya, ya zamna. Kowa ya fita huɗa. Gonar Baba Alhaji ta bakin rafi ita kaɗai ke kwance ba kunya ko ɗaya, irin masara na cikin buhu yana kallonmu. Dalili? Shanun ɗan'uwanki ba su jin Hausa.

Na ɗora masu karkiya lafiya lau, na kama garma, na ce "Haa! Mu je!" yadda kowa ke yi. Dudu ya waiwayo ya dube ni. Fufa ya yi fitsari. Na daka tsawa, na roƙa, na ja igiyar hanci. Suka yi 'yar tafiya, ina murna, ashe inuwar ɗorawa suka nufa, da ni da garmar gaba ɗaya.

Aka kira wani mutumin Sabuwa da ake ji da shi a horon shanu. Ya zo da bulala da cika baki. Yana zuba wa Dudu ɗaya, sa ya kwanta a tsakiyar gona ya ƙi tashi har aka kira azahar. Baba Alhaji ya ce a sallami mutumin kafin ya kashe mashi dabba. Aron shanu kuwa wa zai ba ka yanzu? Kowa na kan tasa gonar. Kafin su gama an wuce shuka.

Sai Jabiru mai shayi ya ce, "Kai da ka iya muryarsa, ka yi masu mana." Yaya, na yi. Na duba gabas da yamma ba kowa, na maƙe murya na ce, "Oya, ku tafi mu!" Wallahi kunnuwansu suka miƙe. Suka juyo suna nemansa. Da suka ga ni ne, Fufa ya yi wani huci, suka mai da kai ga ciyawa. Na yi masu ta watan azumi, na yi ta bayan salla, na yi ta kwanan nan. Duk Hausar da ya taɓa yi ya yar tana nan a kaina. Na sha ruɗa mutanen gari da ita, shanu sun ƙi ruɗuwa. Ashe kuma yaran unguwa na kan ɗorawa suna kallo. Yanzu duk inda na bi sai in ji "Oya, ku tafi mu."

Baba Alhaji ya daina yi mani faɗa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Jiya ya zamna bakin turke yana duban shanun, ya ce, "Lawwali ya tafi ban gan shi ba. Wanga ma ka kore mani shi." Na duba maganar sama da ƙasa ban sami wurin wasa ba.

Ki taimaka. Ki ce mashi gona na jira. In kuma ya rantse ba zai zo ba, ki zamna da shi ki tambaye shi ainihin abin da yake faɗa masu da yadda yake jan muryar, ki rubuto mani, ko na dace.

Harisu

Kankara

Harisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙori ya fito. Ka kula mani da ƙafar Baba Alhaji, kar a bar shi yana zama a ƙasa mai sanyi.

Shirun da ka ji fushi ne, kuma da hannuna a ɓarnar. Takardarka ta "mun huta" ta iso ina shirin fita aiki. Na faɗa maka ajaminka wahala yake ba ni. Shi kuwa Abdulgafar ya yi allo a Shagamu, baƙaƙen ba su gagararsa. Ni da na ce ka rubuto magana mai daɗi, sai na ɗauka ita ce, na miƙa mashi na ce ya karanta mana. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. "Mun huta." "Tuwo yana isa." "Ki sa shi a motar Shagamu." Ni na san muryarka, ina jin dariyar da ke ƙarƙashi. Shi takarda kawai ya gani. Da ya kai wurin da shanu ba su yi kewarsa ba, ya tsaya, ya ninke ta, ya ce, "Na gane duka. Hausata ta yi kyau yanzu."

Ya yi magana da masu motar kudu. Ran kasuwa mai zuwa zai tafi. Malam ya yi iya yinsa.

Takardarka ta bayan nan da ta iso ban ba shi ba, ni kaɗai na sha wahalata na karanta. Kuma ba zan ba shi ba. Ka tuna abin da ka rubuta: gona na jira, shanu sun ƙi, a rubuto maka kalmomi in ba zai zo ba. Wato a tatsi bakinsa a aiko maka a kwalba, shi ya wuce. In ya ga wannan cewa zai yi ɗan ƙwadago ake nema, ba jika ba. Abin da Baba Alhaji ya faɗa a bakin turke kaɗai na gaya mashi. Sai ya tambaye ni wa ke ba Fufa kanwa, wai in ba a jiƙa mashi ba bai sha.

Ni na gaji da tsayuwa tsakaninku. Ka rubuta mashi da kanka, da sunansa a sama. Gide zai juyo kafin ran kasuwa. In ka sake yin wauta, kai za ka yi wa Baba Alhaji bayani.

Suwaibatu

Ruwan Godiya

Zuwa ga Abdulgafar ɗan Kawu Lawwali, jikan Alhaji, mutumin Ruwan Godiya.

Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta? Mu nan lafiya. Baba Alhaji sun ce a gaishe ka. Inna sun ce a gaishe ka. Ka gani, har na kamu.

Zan rubuta dalla-dalla. In wasa ne zan faɗa maka wasa ne, tunda ba ka ganin fuskata.

Wannan ba wasa ba ne: ba mu huta ba. Tuwo yana saura. Inna tana mantawa ta zuba naka a kwano, ni nake cinyewa ina jin haushi. Maganar da ka shigo gidan nan da ita ba ta taro ba ce, na kai ta taro. Ba zan ƙara taɓa ta ba.

Wannan ma ba wasa ba ne. An ce kana wankin baki. Ban san me za ka wanke ba, don abin ya riga ya zube a gidan nan. Shekaranjiya Baba Alhaji da bakinsa ya ce mani, "Ɗauke sandar wuyan nan daga rana." Bai ma ji abin da ya faɗa ba. Hadari ya haɗo, Inna ta leƙo ta ce sama sun ɓata rai, a kwashe shanya. An ce in koya maka Hausa, ga shi gida guda ana yin taka. In ka tafi Shagamu ka bar mu da ita, wa za mu ce ya koya mana? Mahaukata za a ɗauke mu.

An ce ka ce ba a wasa da wanda ba zai iya ramawa ba. Gaskiyarka. To ga dama. Ni ɗan gwaggonka ne, kai ɗan kawuna. Duk abin da ka ga dama ka faɗa mani a gaban kowa, ba mai hana ka, Baba Alhaji ma dariya zai yi. Kuma kayan aiki sun samu. Shanunka sun ja ni da garma har gindin ɗorawa, na faɗi a taɓo, yara sun gani. Na yi muryarka, Fufa ya yi mani huci. Kunnuwana manya ne, ka sani, kowa ya sani. In na haɗu da Shafa'atu 'yar gidan liman in'ina ke kama ni. Wannan ba wanda ya sani, na ba ka kyauta. Da kowace Hausa ka rama, ta rediyo ko taka, zan tsaya in ji.

Gona tana nan, ba zan ɓoye maka ba, lokaci na wucewa. Amma ko masara ba ta shiga ƙasa bana ba, ka zo. Ɗakin Kawu ɗakinka ne. Ƙusar da kake rataye jaka tana nan, ba wanda ya rataya komai.

Kanwar Fufa ina jiƙawa. Bai sha a hannuna.

Taubashinka,
Harisu mai kunne

Kankara

Harisu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina gaida Baba Alhaji da Inna.

Na karanta. Na karanta kuma. Wurin wasa na gane, wurin ba wasa ba na gane.

Kanwa ba a jiƙa da ruwa mai sanyi na rijiya. Ka ajiye a rana tukuna. Kai ba ka san komai ba, sai baki.

Motar kudu na ce ta tafi. Zan zo da Gide. Ban ce na zauna ba. Zan zo in ga shanu, in ga Baba, in ga Shafa'atu in gaya mata.

Wannan na ƙarshe wasa ne. Ko ba wasa ba. Ka yi tunani.

Abdulgafar

Ruwan Godiya

Zuwa ga Suwaibatu, wadda ta lalata mana yaro.

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Malam da mai sabon haƙori. Baba Alhaji ƙafa ta yi sauƙi, har gona ya taka. Inna ta ce a gode maku da riƙon baƙo.

Ni ban gode ba. Me kuka yi mashi? Mutum ya sauko daga mota ya ce mani, "Barka da rana, ina fata na same ku cikin ƙoshin lafiya." Na waiwaya in ga ko labarai aka fara.

Da safe muka fita gona, rabin unguwa na biye. Shanun nan suna jin takunsa suka fara kuka, Dudu har da lasar rigarsa. Na ce shi ke nan, an gama. Ya ɗora karkiya, kuma karkiya ya kira ta, ya kama garma, ya gyara murya ya ce, "Bismillah. Dudu, Fufa, don Allah ku tashi mu fara aiki."

Yaya, ko motsi. Suka juyo suna dubansa yadda suka dube ni.

Ya ce, "Ku ci gaba mana." Shiru. Na matsa kusa na raɗa mashi, "Ka yi masu irin ta da."

Ya ce, "Wace?"

Na ce, "Oya, ku tafi mu."

Ya dube ni ya ce, "Ni ban taɓa faɗin haka ba. Kai ka ƙirƙira."

Kin ji fa! Ni da na haddace shi tun daga ranar farko. Muka tsaya muna musu a gaban shanu. Sai na lura ba ni yake kallo ba, mutanen da ke bakin gona yake kallo, ga su Jabiru har sun fara murmushi. Hannunsa ya fara sakin garmar. Na san in ya sake ta, motar kudu ce.

To na buɗe maƙogwaro na kwarara ta da kaina, da mummunar murya yadda zan iya, har da tsalle. Gona ta ɗauki dariya, yara na nuna ni. Abdulgafar ya fusata ya ce, "Ba haka ake ja ba! Kai kullum kana lalata!" Ya ture ni, ya ja ta daga ƙirji, doguwa, yadda yake yi: "Ooya, ku tafi muu!"

Garma ta shige ƙasa. Kin san ƙamshin nan.

Da muka kai ƙarshen kunya ya sake tsayawa, ya manta abin da yake faɗa masu su juyo. Na ce, "Kwana da kai, baba." Ya harare ni, ya faɗa, suka juyo. Haka muka wuni, shi yana riƙe da garma, ni ina gefe ina tuna mashi. Ki duba lamarin nan. An ɗauke ni in koya wa mutum Hausa mai kyau, na ƙare ina bin shi a taɓo ina koya mashi tasa da ya yar. Baba Alhaji yana zaune gindin ɗorawa ya ce, "Mi kuke ta gardama? Ku bar shi shina yi yadda shanu ke ji." Masara ta shiga ƙasa. A makare, amma ta shiga.

Kar ki ɗauka na huta. Bakin nasa ya sake juyawa. Yanzu rabi rediyo, rabi tsohuwar, da wasu kalmomi nawa da ya tsinta a takarduna ba da izinina ba. Da na fara kama ta sai ta zame. Kuma jiya a teburin Jabiru ya tashi ya kama kunnuwansa ya ja, ya yi yadda nake gaida Shafa'atu. Sai da shayi ya fito wa Jabiru ta hanci. Ni ban ga abin dariya ba. Ban yin in'ina haka, ya ƙara gishiri.

Ga shi nan tsaye a kaina wai sai ya sa hannu a takardar. Kar ki yarda da abin da zai rubuta.

Harisu

Yaya Suwaiba, ina gaisuwa. Wannan yaro ya yi ƙarya, in'inarsa ta fi haka. Ki gaya wa Malam na gode da rediyo. Jaka sun hau ƙusa. Sun zamna.

Abdulgafar